Wa Zan Gode Wa a Shafin Godiya, Wa Zan Bari?

Wata ɗaliba da ke haɗa kundin digiri na biyu a nan Kaduna ta aiko mini da tambaya. Bincikenta a kan tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri ne. Ta yi hira da mutum goma sha huɗu, ta gama babi biyar, saura shafin godiya. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Malam, ƙawayena sun ce in ɗauko na wani tsohon kundi in sauya sunaye kawai, wai ba mai karantawa. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Wa zan fara da shi? Shin dole ne in ambaci mai duba aikina na biyu, alhali sau ɗaya ya karanta mini? In rubuta sunayen dattawan da na yi hira da su? Dangi kuma suna da yawa, ina tsoron a ce na ware wani. Sannan a ofishinmu ma an ba ni rubuta godiya a wani rahoto, shin duk salo ɗaya ne?"

'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a kare kundin lafiya. Na ji daɗi da ranki bai kwanta da shawarar ƙawayenki ba. Na daɗe ina duba kundayen ɗalibai, kuma ina tabbatar miki ana karanta shafin nan. Sau da yawa shi ne abin da mai jarrabawa na waje yake fara buɗewa kafin ya shiga tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin, domin yana so ya san hannun wa da wa aikin ya bi. Idan kuma kin kai kundin gida, mahaifiyarki ba za ta ce a karanta mata babi na uku ba. Za ta ce a karanta mata inda aka ambace ta.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, shafin godiya shaida ce kike bayarwa a rubuce cewa wane ya yi kaza a cikin wannan aiki. Duk sunan da za ki sa, ki iya faɗin abin da mai shi ya yi a jimla guda. Idan kin kasa faɗa, ki sake tunani kafin ki rubuta sunan. Wannan ma'auni ɗaya zai warware miki yawancin tambayoyinki.

Shekarun baya wani ɗalibi namiji ya kawo mini kundinsa, na buɗe shafin godiya na tarar yana gode wa "mijina" bisa haƙurin da ya yi. A shagon buga takardu aka ɗauko masa na wata aka sauya wasu sunaye, shi kuma bai ko duba ba. Abin ya sosa mini rai, domin na san yayansa, mai gyaran Keke Napep ne, shi ya biya masa kuɗin makaranta tun daga aji ɗaya har ƙarshe, kuma sunansa bai fito ko'ina a shafin ba. Na mayar masa da kundin na ce ya je ya rubuta da hannunsa. Abin da ya dawo da shi bai kai rabin shafi ba, Turancin ma sai da muka gyara, amma yayan nasa yana ciki tare da abin da ya yi. Akwai hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Wanda ya kwafo godiyar wani bai gode wa kowa ba tukuna.

Kafin komai, ki nemi littafin ƙa'idojin rubuta kundi na makarantar karatun gaba da digiri ta jami'arku. Shi zai faɗa miki inda godiya take zama tsakanin shafukan farko, wato shafin take, da tabbatarwa, da sadaukarwa, da tsakure, da ƙumshiya, waɗanda akan yi wa lambobin Rumawa. Jerin yakan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, abin da Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ta tsara ba lallai ya zo daidai da na Kaduna Poly ko ABU Zariya ba, don haka kada ki dogara da kundin wata makaranta. Ki kuma bambanta sadaukarwa da godiya. Sadaukarwa layi ɗaya ce ko biyu, kyauta ce kike yi wa wanda kike so, ko yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya, ba sai ya taɓa aikin ba. Godiya kuwa ta waɗanda suka sa hannu ce. Tsawonta a ganina shafi guda ya isa. Idan ta tsallaka zuwa na biyu, yawanci an fara jera sunaye ne ba tare da aiki ba.

Farawa da godiya ga Allah al'adarmu ce a nan, Musulmi da Kirista duk haka suke yi, ba kuma wanda zai ga laifinki. Jimla ɗaya ko biyu daga zuciya ta wadatar, ba sai kin mayar da sakin layin farko huɗuba ba.

Daga nan sai mai duba aikinki na farko. A nan ɗalibai suka fi ɓata tawada. Za ki ga an jera masa kirari, uba, gwarzo, haziƙi, wanda ba ya gajiya, amma ba a faɗi abu ɗaya da ya yi ba. Mu malamai mun saba ganin wannan, ba ya kuma motsa mu. Abin da yake motsa malami shi ne ya ga ɗalibarsa ta lura da abin da ya yi mata. Misali: "Ina godiya ga Dokta Wane, wanda ya hana ni faɗaɗa binciken zuwa masaƙun Kano, ya ce in tsaya a Kakuri in zurfafa, kuma ya karanta babi na huɗu sau uku." Wannan jimla ɗaya ta fi kirari goma, domin ba wanda zai iya kwafe ta ya sa a nasa kundin.

Mai duba aiki na biyu, wanda kika ce sau ɗaya ya karanta: e, ki ambace shi. Sashe ne ya naɗa shi, zai sa hannu a shafin tabbatarwa, barin sunansa zai zama magana. Amma ba a ce ki yi masa ƙarya ba. Ki rubuta: "Ina kuma godiya ga Dokta Wane, mai duba aikina na biyu, bisa gyare-gyaren da ya yi wa daftarin farko." Gaskiya ce, ta isa, ba ragi ba ƙari. Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne habaici. Na taɓa ganin kundin da aka rubuta godiya ga "waɗanda suka so in faɗi amma Allah bai nufa ba". Ɓacin rai yakan wuce cikin shekara guda, kundi kuwa yana nan a ɗakin karatu, yanzu ma jami'o'i da dama suna ɗora kundaye a intanet. Wanda zai ɗauke ki aiki ko ya ba ki gurbin digiri na uku yana iya buɗe shafin nan.

Sunaye da muƙamai kuwa, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake Dokta lokacin da kika fara yana iya zama Farfesa kafin ki gama. Wani yana rubuta sunansa Muhammad, wani Mohammed, wani Muhammadu. Wata A'isha, wata Aishatu. A Kaduna muke, cikin malamanki da abokan karatunki akwai Bajju da Atyap da Gbagyi da Adara da Yarbawa da Ibo, kada ki rubuta sunan mutum yadda kunnenki ya ji. Ki duba yadda shi yake rubutawa a ƙofar ofishinsa ko a takardunsa, in kin yi shakka ki tambaye shi. Mutum yakan yafe a manta da shi fiye da a gurɓata masa suna.

Shugaban jami'a, ko gwamna, ko wani babban mutum da bai san kina yi ba, ki bar su. Haka mai jarrabawa na waje, kada ki gode masa a kwafin da za a aika masa kafin ranar kare kundi, domin zai yi kama da neman shiga. Bayan an gama, in gyaransa ya amfane ki, kina iya ƙara layi ɗaya a kwafin ƙarshe.

Yanzu ga inda na fi so ki nutsu, wato dattawan Kakuri. Waɗannan mutane sun ga masaƙun nan suna aiki dare da rana, wasunsu sun yi ƙuruciyarsu a masaƙar Kaduna Textiles (KTL), wadda ta fara aiki a 1957 ta kuma tsaya a 2002, wasu a masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ko Arewa Textiles. Sun zaunar da ke, sun ba ki labarin rayuwarsu, ƙila har da abin da bai yi musu daɗin tunawa ba, kamar yadda gida ya kasance bayan albashi ya yanke. Ba don su ba, da babu babi na huɗu. Sun fi kowa cancantar godiya, amma su ne kuma godiyar za ta iya cutarwa.

Ki koma ki duba abin da kika alkawarta musu ranar hira. Idan takardar amincewa da suka sa wa hannu, ko bayanin da kika yi musu da baki, ya ce ba za a bayyana sunansu ba, to wannan alkawari ya haɗa da shafin godiya. Ki yi tunani: a babi na huɗu kin kira wani "Mai ba da bayani na 6", kin ce ya yi shekara ashirin a sashen rini, ya kuma faɗi magana mai zafi a kan wani shugaban da yake raye. Sai ga shi a shafin farko kin jera sunaye goma sha huɗu. Duk wanda ya san unguwar, cikin minti biyar zai gane wane ne na shida. In mace ɗaya ce a cikinsu, ba ma sai an yi lissafi ba. Kin ɓoye su a ɗaki kin bar ƙofa a buɗe ke nan. Ban da amana, akwai dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023, akwai kuma sharuɗɗan kwamitin ɗa'ar bincike in ya ba ki izini. A irin wannan hali ki gode musu a dunƙule: "Ina godiya ta musamman ga tsofaffin ma'aikatan masaƙu goma sha huɗu da suka karɓe ni a gidajensu a Kakuri da Makera, suka amince da ni. Na yi musu alkawarin sakaya sunayensu, shi ya sa ban ambata ba."

Sai dai ban ce a kullum sakayawa ce daidai ba. A fannin tarihi al'ada ita ce a jera waɗanda aka yi hira da su a manazarta, da suna da shekaru da wuri da ranar hira, domin maganar baka ba ta zama hujja sai an san bakin da ta fito. Kuma dattawa da yawa suna so a ambace su. Mutumin da ya ba masaƙa ƙarfinsa shekara talatin yana iya jin cewa wannan kundi ne kaɗai wurin da sunansa zai tsaya a rubuce. Hana shi wannan ma rashin adalci ne. Mafita ita ce ki koma ki tambayi kowa shi kaɗai, ki bayyana masa cewa kundin zai iya hawa intanet, kowa ya gani. Wanda ya yarda ki sa shi, wanda bai yarda ba ki sakaya. Amma ki lura, in goma sha biyu sun yarda biyu sun ƙi, ambaton sha biyun yana iya nuna biyun da suka rage. In haka ne, ki zauna da mai duba aikinki ku yanke shawara tare.

Kada ki manta da waɗanda suka buɗe miki ƙofa. Mai unguwar da ya haɗa ki da mutane, jami'in ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda hedikwatarta take nan Kaduna, in ya ba ki takardu, ma'aikatan Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa reshen Kaduna da suka ɗauko miki fayil mai ƙura, da na ɗakin karatun Arewa House, gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike a 1970. Irin waɗannan mutane ba kasafai ake tunawa da su ba, alhali wani lokaci ma'aikaci ɗaya da ya san inda fayil yake shi ne ya cece ki daga wata uku na yawo. Sai dai godiya ba ta maye gurbin manazarta. Kin gode wa ma'aikatan, amma fayil ɗin kansa, ko na SNP ne (takardun sakatariyar Lardunan Arewa) ko na ZARPROF (na Lardin Zazzau), dole lambarsa ta fito cikakkiya a inda ake kawo madogara. Haka in wani malami ya ba ki wata fahimta da kika gina hujja a kanta, ki ambace shi a daidai wurin a cikin babin, kada ki ce ai na gode masa a gaba.

Akwai taimakon da ɗalibai suke ɓoyewa don kunya, wanda bai kamata a ɓoye ba. In wani ya sarrafa miki alƙaluma da manhajar lissafi ta SPSS, ko ya mayar miki da hirarraki daga murya zuwa rubutu, ko ya fassara, ko ya gyara miki Turanci, ko da biyansa kika yi, ki faɗa. Faɗar tana kare ki ranar kare kundi, domin in an tambaye ki kin riga kin bayyana iyakar abin da aka yi miki. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya tsara cewa wanda ya taimaka amma bai kai matsayin marubuci ba a ambace shi a godiya tare da abin da ya yi, ya kuma ba da shawarar a nemi izininsa a rubuce, saboda ganin sunan mutum yana iya sa a ɗauka ya amince da sakamakon. Tun 2023 kuma suka ce manhaja irin ChatGPT ba ta zama marubuciya, amma in an yi amfani da ita a bayyana. Ko da fanninki ba likitanci ba ne, ƙa'idar mai kyau ce, sai ki haɗa da abin da jami'arku ta ce. Abu ɗaya ne godiya ba ta wankewa: in wani ne ya rubuta miki babi, sa sunansa a shafin godiya bai mayar da aikin naki ba.

In kin samu tallafin kuɗi, daga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ne ko hukumar tallafin karatu ta jiha ko wata ƙungiya, ki ɗauko takardar da aka ba ki ki kwafi sunan hukumar da lambar tallafin yadda suke. Wasu masu ba da tallafi suna da lafazin da suka wajabta a rubuta. In wurin aikinki ya ba ki hutun karatu, shi ma a ambata.

Sai dangi, kuma na fahimci tsoronki. Gidan Bahaushe ba ƙarami ba ne. In kin ambaci kawu ɗaya kin bar biyu, magana ce. In kin ambaci mahaifiyarki kin bar abokiyar zamanta wadda ita ma ta goya ki, magana ce babba. Shawarata ita ce ki ambaci iyaye, da maigidanki in kina da aure, da duk wanda ya yi wani abu takamaimai, kamar ƙanwar da ta riƙe miki yara ranakun da kike Kakuri ko kawun da ya biya kuɗin zango. Sauran ki haɗa su a jimla mai mutunci: "da dukan iyayena mata da 'yan'uwana na gidanmu da na gidan aurena, bisa addu'a da haƙuri." Da wuya wani ya ji an ware shi a nan, domin wanda aka ambata an faɗi dalili. Kuma in alkunya ta hana ki rubuta sunan maigidanki ko na ɗan farinki, ba dole. "Maigidana" ya wadatar, ba wata ƙa'idar jami'a da ta ce sai kin karya tarbiyyarki. Wanda ya rasu ki yi masa addu'a a taƙaice, ko ki kai shi shafin sadaukarwa.

Yana da kyau ki rufe da cewa duk kuskuren da ya rage naki ne. Ki rubuta shi don haka abin yake: kin sa sunayen mutane, bai kamata a ɗora musu nauyin abin da ba su yanke ba.

Tunda da Turanci za ki miƙa kundin, ga dabarar da nake ba ɗalibaina. Ki fara rubuta jerin sunaye da abin da kowa ya yi da Hausa, yadda zuciyarki ta ba ki. Bayan haka ki faɗi kowane da Turanci mafi sauƙi. Kada ki je neman manyan kalmomi a ƙamus, nan ne ake zamewa a yi wa malami kirarin da ma'anarsa ba ita ake nufi ba.

Rahoton ofis kuwa salonsa daban. A can hukuma ce ke magana, don haka "mun" ko sunan sashe za ki yi amfani da shi. Iyaye, maigida, addu'o'i, duk ba su shiga. Abin da ake so shi ne wanda ya ba da aikin, wanda ya ba da kuɗi, ma'aikatu ko ƙananan hukumomin da suka ba da bayanai, ma'aikatan da suka shiga gari suka tattaro, da waɗanda suka duba daftari. Sakin layi biyu sun isa. A kula da jerin girma yadda aikin gwamnati ya saba, a kuma nuna wa shugaban sashe kafin a buga, domin ambaton wata hukuma a rahoto yana iya zama kamar ta amince da abin da ke ciki. In rahoton yana da suka a kan wani wuri, ma'aikacin da ya ba ku bayani daga can ba zai gode miki ba in kin sa sunansa. Ɗaliban da ke rubuta rahoton SIWES, shirin koyon aiki a masana'antu da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara a 1973, suna tsakiya ne: su gode wa kamfanin da ya karɓe su, da wanda ya kula da su a wurin aiki, da malamin da ya zo dubawa, sannan layi ɗaya ga iyaye.

Ki rubuta shafin yau, ki ajiye shi kwana biyu, sannan ki karanta da ƙarfi. Ki buɗe littafin da kike rubuta ranakun hira da saƙonnin wayarki na shekarar nan, za ki tuno mutum ɗaya ko biyu da suka suɓuce miki. Idan an ɗaure kundin, ki ɗauki kwafi ɗaya ki shiga mota zuwa Kakuri. Ƙila wasu cikin dattawan nan ba za su karanta Turancin ba, ki zauna ki nuna musu sakin layinsu, ki faɗa musu da Hausa abin da kika rubuta.